Zan sayar da Boxer ɗina ba ta hannun dillali ba: me zan gyara, me zan bari?

Sadauki_BM100:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ina da babur Boxer BM100, shekararsa 4 a hannuna, rasit da lamba duk da sunana suke. So nake in sayar da shi kai tsaye ga mai hawa. Abin da ke damunsa: yana ɗan hayaƙi idan an tayar da shi da safe, sarƙa ta saki, tayar baya ta kusa ƙarewa. In gyara waɗannan kafin in sa shi a kasuwa, ko in sayar a haka in rage kuɗi? Sannan ta yaya zan tsare kaina wajen karɓar kuɗi da rubuta takarda?

Oga_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Kafin a ce gyara ko kar a gyara, sai an san launin hayaƙin. Ka tayar da shi da sanyin safiya, ka sa wani ya tsaya a bayan salansa.

In shuɗi ne yana warin baƙin mai, kuma ya ɗauke bayan minti biyu ko uku, to robar bawul ce ta bushe. Da dare mai yana tsiyaya ta jikin sandar bawul ya taru a saman fistin, da safe ya ƙone. Wannan ƙaramin aiki ne, kan inji kawai za a buɗe, a canza roba biyu da gaskit. In kuwa hayaƙin bai ɗaukewa, har yana ƙaruwa idan ka murɗa totur bayan inji ya yi zafi, ringi ne suka cinye, wataƙila har silinda ta yi zane. In baƙi ne, wannan ba ciwon inji ba ne, fetur ne ya fi iska yawa. Ka wanke soson tace iska, ka wanke kafireta, ka tabbatar cok bai maƙale ba.

Ka kwance fulogi ka duba bakinsa, shi ba ya ƙarya. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. Baƙi da toka a bushe, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo yana ƙyalli, mai yana hawowa.

Sadauki_BM100:
Oga, shuɗi ne, kuma yana ɗaukewa kafin in fita daga layinmu.

Oga_Bakanike:
To robar bawul ce in sha Allahu. Gyara ta. Tunda an buɗe kan, a saita bawul ɗin da ma'auni, inji na sanyi, wajen 0.05 na milimita. Kar a bari yaro ya saita da ido. In ya matse, babur zai riƙa wahalar tashi, in ya yi sako-sako, zai riƙa ƙas-ƙas kamar keken ɗinki.

Mai_Ciniki_Wapa:
Ni dokata a nan ɗaya ce: duk gyaran da kuɗinsa kaɗan ne amma mai saye yana ganinsa da ido, yi shi. Duk gyaran da kuɗinsa ke da yawa kuma a cikin inji yake, kar ka yi, ka faɗa masa ka rage. Madubi, gilashin sigina, rigar kujera, robar taka ƙafa, ƙwan fitila, kebul ɗin birki da ya fara tsinkewa, duk waɗannan ba su kai komai ba, amma da su mai saye ke karya maka farashi. Zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ya zabge maka ninki uku na kuɗinsu.

Amma sauke inji gaba ɗaya saboda za ka sayar, asara ce. Mutanenmu da sun ga sabon gam a jikin inji, cewa za su yi "an taɓa buɗe shi", sai darajarsa ta faɗi, ko da aikin ya yi kyau. Injin da ba a taɓa saukewa ba yana ɗan hayaƙi ya fi wanda aka sauke jiya saurin shiga.

Ɗan_Gashua:
Taya fa? Ni ina ganin ya bar ta. Mai saye ya sa irin wadda yake so.

Mai_Ciniki_Wapa:
Taya ya bari, na yarda. Sarƙa kuma ya danganta.

Injiniya_Tsafe:
Bari in yi bayanin sarƙar, don "ta saki" kala biyu ne. Akwai sakin da ɗauri ke magancewa, akwai na ƙarewa. Ka kafe babur a kan babban jak, ka kama sarƙar a daidai bayan farantin haƙora na ƙafar baya, ka ja ta baya. In ta ɗago har kana ganin rabin haƙori, ta ƙare. Ka dubi haƙoran kansu: in sun yi tsini sun karkata gefe guda kamar farcen shaho, su ma sun gama aiki. A nan sai a canza saiti cikakke, sarƙa da farantin gaba da na baya. Wanda ya ɗora sabuwar sarƙa a kan tsohon faranti, cikin 'yan makonni zai cinye ta.

In ba ta ƙare ba, ka kwance notin ƙafa, ka ja ta ɓangarorin biyu daidai da juna, ka bar wasan da bai wuce milimita 20 zuwa 30 ba a tsakiya. Ka juya ƙafar ka gwada wurare uku ko huɗu, don tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa bai ɗaya, wani wuri ya fi wani ɗaurewa. A wurin da ya fi ɗaurewa ake aunawa. Masu cire ƙwaya ɗaya ko biyu daga sarƙa don ta yi kama da sabuwa, wannan rufa-rufa ce, kuma tana iya tsinkewa da mutum a kan titi.

Abu_Hafsat:
Maganar rufa-rufar nan ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Abubuwa uku aka fi yi. Ana zuba baƙin mai mai kauri sosai don ƙarar inji ta kwanta. Ana ɗumama babur kafin mai saye ya iso don kar ya ga yadda yake tashi da sanyi. Ana shafa fenti a wurin da aka yi walda a wuyan shasi. Duk ukun yaudara ce, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a fili yake: masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, a sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. A fiƙihu ma, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar maido da kaya. Cewa "ka duba da kanka" ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru.

Sadauki, ka rubuta aibobin a takardar cinikin ma. Tayar baya ta ƙare, an canza robar bawul a wata kaza, mita ba ta aiki in ba ta aiki. Wannan kariya ce gare ka, ba gare shi kaɗai ba.

Kwamared_Gyaɗi:
Malam ya yi gaskiya, amma wanka ba yaudara ba ne, kar wani ya fahimta a karkace. Ka wanke shi tas, kananzir da burushi a jikin inji da sarƙa, omo a jiki, ka goge wayoyin ƙafa. Sai dai ka wanke kwana biyu kafin a zo gani, ka ci gaba da hawa. Injin da aka wanke yau ba ya nuna inda yake yoyo, kuma mai saye mai wayo da ya ga inji a jiƙe zai yi zargi.

Zinder_Moto:
Salamu alaikum daga Damagaram. A wajenmu a Nijar kart giriz, wato takardar rajistar abin hawa, ita ce uwar takardu, ba a sayen moto sai an ɗora lambar da ke jikinta a kan lambar shasi an ga sun yi daidai, harafi da harafi. Moto da ya shigo daga Najeriya kuma sai an ga takardar duwan, wato kwastan. Ina ba ku shawarar ku ma ku riƙa yin haka da rasit. Lambar shasi tana wuyan moto, lambar inji tana jikin inji ta hagu, ƙasa kusa da giya. A goge da tsumma, a haska da fitilar waya daga gefe. In wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko wata lamba ta fi 'yan uwanta zurfi ko ta karkace, an goge an sake bugawa.

Lauya_Mai_Babur:
Abin da Zinder ya faɗa shi ne ya kamata mai sayarwa ya nuna da kansa tun kafin a tambaye shi. Yanzu ga abin da takardar ciniki za ta ƙunsa, ba sai an je wurin lauya ba: cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, unguwa da lambar waya, samfurin babur da launinsa, lambar inji, lambar shasi, lambar rajista, kuɗin da aka biya da lamba da kuma kalmomi, kwanan wata, har da lokaci. Lokacin nan ba ado ba ne. In babur ya bar hannunka ƙarfe 11 na safe, aka yi ɓarna da shi ƙarfe 4 na yamma, wannan layin ne zai raba ka da 'yan sanda. Shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, kowa ya sa hannu. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ka karɓi kwafin katin shaidarsa na ƙasa, ka dubi hoton ka dubi fuskarsa. Ka ɗauki hotonsa tsaye da babur ɗin, lamba tana fitowa.

Rasit na asali nasa ne, ka miƙa masa, amma ka ajiye kwafi. Sauran kuma canjin mallaka a ofishin lasisi na jiha. Galibi sukan nemi takardar cinikin, takardun babur na asali, da takardar rantsuwa daga kotu. Muddin ba a canza ba, a kwamfutar hukuma kai ne mai babur, ko ya shiga hannu na biyar.

Ɗan_Gashua:
Shi ya sa wasu ke kwance lambarsu kafin su miƙa.

Lauya_Mai_Babur:
Ban goyi bayan haka ba. Lambar da babur ɗin aka yi mata rajista, in ka cire ka tura mutum titi ba lamba, kuma lambar inji da ta shasi har yanzu suna nan da sunanka. Ba ka tsira ba, shi ma ka jefa shi hannun masu kame. Abin da ya fi shi ne ku je ofishin lasisi tare a ranar, kuɗin canjin a san wanda zai biya tun wajen ciniki.

Katsinawa_Dikko:
Ku ƙara da maganar tsaro, don a yankinmu wannan ba wasa ba ne. Boxer da Honda su ne abin hawan 'yan bindiga a daji, saboda suna ɗaukar mutum uku kuma suna jure yashi. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi saboda wannan dalilin. Don haka baƙon da bai taya ba, ka faɗi kuɗi ya ce ya saya nan take, ba ya son a rubuta takarda, ba ya son a ɗauki hotonsa, bai kuma damu da rasit ba, ka ce masa albarka ko nawa ya bayar. Mai sayen babur don neman abinci sai ya ja ciniki, sai ya kawo bakanikensa, sai ya tambayi takarda. In da hali a rubuta a gaban mai unguwa.

Zinder_Moto:
Haka ne. Mu ma a Diffa an hana hawa moto tun 2015 da aka sa dokar ta-ɓaci, an yi shekaru a haka. Abin takaici, ƙasar da a da duniya ke zuwa tseren moto a cikinta. Manyanmu a nan za su tuna lokacin tseren Paris-Dakar, da motoci da babura ke sauka Agadez.

Baba_Roadmaster:
Ɗana ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro tseren, Bafaranshe, bayan ya ɓace a sahara a kan babur a 1977 lokacin tseren Abidjan zuwa Nice. Na farko a 1979 aka yi, suka keto Aljeriya ta Tamanrasset, suka shigo Nijar, Agadez, Yamai, sai Mali, har Dakar. Cyril Neveu ne ya ci, a kan Yamaha XT500. Ku da kuke maganar inji ku duba: silinda ɗaya ce, iska ke sanyaya shi, ba sitata sai kik, kafireta ɗaya. Tsarinsa bai fi na Boxer ɗin Sadauki wuyar sha'ani ba, girma ne kawai. Kuma a wannan karon ba a raba jerin motoci da na babura ba, babur ne ya zo gaban kowa.

Ténéré_86:
Baba, gyara kaɗan da girmamawa: ranar 26 ga Disamba 1978 suka tashi daga Paris, suka isa Dakar 14 ga Janairu 1979. Abin hawa 182 suka tashi, 74 suka kai. Shi Sabine ya rasu a 1986 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, ana tsakiyar tseren, kuma a gindin wata bishiya a saharar Ténéré ta Nijar aka watsa tokarsa. A 1997 sunan tseren ma Dakar-Agadez-Dakar ne. A 2000 da aka samu barazana, daga Yamai aka kwashe su a jirgin sama zuwa Libiya, aka tsallake arewacin Nijar. An soke na 2008 saboda tsaro a Muritaniya, daga nan ya koma Kudancin Amurka a 2009, sai Saudiyya tun 2020.

Baba_Roadmaster:
Na karɓi gyara, Allah ya yi albarka. Abin da ya sa masu babur suka fi burge mutane a tseren nan, mai mota yana da mai karanta masa hanya a gefe. Mai babur shi kaɗai ne. Takardar hanya a naɗe take a cikin akwati a kan babur, yana murza ta da yatsa yana gudu, ga tanki mai ɗaukar fetur ninkin na gari sau uku ko fiye, wanda in ya cika kan babur ɗin nauyi yake yi a yashi. Hubert Auriol da Gaston Rahier sun ci da BMW, Rahier gajere ne, sai ya tayar da babur ya bi shi da gudu ya ɗare. Stéphane Peterhansel ya ci sau 6 a kan Yamaha kafin ya koma mota.

Hajiya_Roba_Roba:
A faɗi ɗaya ɓangaren ma, Baba. Tseren ya kashe mutanen ƙauyuka da ke bakin hanya, har da yara, ba masu tseren kaɗai ba. Abin sha'awa ne a talabijin, amma ga wanda garinsa aka keto da gudu ba haka yake ba.

Baba_Roadmaster:
Gaskiya ne, 'yata. Ba mai musun wannan.

Oga_Bakanike:
Tunda an shiga tsere, bari in maido da shi kan ciniki. Babur ɗin da yara suka yi wasa da shi a biki ko suka yi rige-rige da shi a titi yana da alamomi, kuma masu saye sun san su. An huda salansa ko an zare cikinta don ƙara. An canza farantin sarƙa na gaba zuwa mai haƙora fiye da na kamfani don gudu. Ƙarfen taka ƙafa ya goge ta ƙasa saboda kwanciya a kwana. Boris na wuya ya lotsa saboda ɗaga ƙafar gaba da sauke ta da ƙarfi: ka kafe shi, ƙafar gaba a sama, ka juya kan a hankali hagu da dama, in ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ya tafi. Kuloci kuma: a giya ta huɗu, kana tafiya a hankali, ka buɗe totur gaba ɗaya. In inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, faifan kuloci ya ƙone.

Sadauki, in ka taɓa canza wani abu daga yadda kamfani ya yi shi, maida na asali kafin ka sayar. Ado da ƙarin fitilu da sitika ba sa ƙara ko kwabo.

Vale46_Kaduna:
Oga, zare cikin salansa a injin Boxer ma ba ya ƙara ƙarfi, ƙara kawai yake ƙarawa, ya kuma sa cakuɗin mai ya yi ƙaranci, bawul ya riƙa zafi. Al'adar daga zamanin babura masu shan mai gauraye ta samo asali, irin Suzuki da Jincheng AX100, don su kam siffar salansa tana da hannu a ƙarfin inji. Su ne kuma suka mulki gasar duniya har 2001, masu 500cc. Honda NSR500 ta Mick Doohan, wanda ya ci kambu 5 a jere daga 1994 zuwa 1998. Bayan haɗarinsa a Assen a 1992 ƙafarsa ta dama ba ta iya taka birki, sai aka haɗa masa birkin baya da yake dannawa da babban yatsan hannun hagu. A 2002 aka koma manyan injuna masu 990cc, aka sa wa gasar suna MotoGP. Tseren da ba a mantawa shi ne na Welkom a Afirka ta Kudu a 2004: Valentino Rossi ya ci tseren ƙarshe na 2003 a kan Honda, ya koma Yamaha da kowa ke cewa ba ta kai ba, ya ci na farko da ita bayan sun yi ta musayar gaba da Max Biaggi har ƙarshe.

Ɗan_Gashua:
To ai kenan hayaƙi shuɗi ba kullum ne ciwo ba.

Injiniya_Tsafe:
A Jincheng AX100 da ire-irensa ba ciwo ba ne, haka aka yi su, man 2T, wato man injinsu, tare da fetur yake ƙonewa. Abin dubawa a can shi ne famfon man. Da yawa an cire shi ana gaurayawa a tanki, wajen mililita 25 zuwa 30 a kowace lita. Mai sayarwa dole ya faɗa, in ba haka ba sabon mai shi zai zuba fetur zalla, kafin ya kai gida fistin ya kama. A Boxer kuwa mai yana cikin inji, kusan lita ɗaya, 20W50, bai kamata ya ƙone ba.

Manx_TT:
Kun yi maganar MotoGP kun bar uban tsere. Na tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ireland, tun 1907 ake yinsa, kuma ba a fili ba, a kan titin gari, tsakanin katangu da turakun lantarki. Zagaye ɗaya kilomita 60 da ɗoriya ne. Ba a tashi tare, ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu da tazarar daƙiƙa 10, kowa da agogo yake tsere. Can Honda ta fara fitowa duniya a 1959, ta ci a 1961 da Mike Hailwood. Shi Hailwood ya bar tseren shekara 11, ya dawo a 1978 ya ci a kan Ducati. Joey Dunlop ya ci sau 26, ba wanda ya kamo shi.

Vale46_Kaduna:
An kamo shi, ɗan uwa. Michael Dunlop, ɗan ƙaninsa Robert, ya wuce 26 ɗin a 2024. Kuma Peter Hickman ya yi zagaye a 2023 da matsakaicin gudun da ya kai kilomita 219 a awa. Giacomo Agostini mai kambun duniya 15 ya daina zuwa can bayan 1972 saboda yawan mutuwa, daga baya aka cire tseren daga gasar duniya.

Sadauki_BM100:
Na ƙaru ƙwarai, iyayena da yayyena. Amma har yanzu saura maganar kuɗi da gwaji. In mutum ya ce zai ɗana, in ba shi makulli?

Mai_Ciniki_Wapa:
Kar ka bayar haka kawai. Mafi yawan baburan da ake guduwa da su wajen ciniki a "bari in ɗana" suke tafiya. Wayar da zai bar maka jingina tana iya zama matacciya, wanda ya zo da shi ya bar maka yana iya zama ɗan acaɓa ko ɗan dako da ya ɗauko a hanya, bai san shi ba. Hanya uku ce: ko kai ka tuƙa ka goya shi ya saurari inji, ko bakanikensa ya hau kai kana baya, ko ya ajiye kuɗin gaba ɗaya a hannun shaidarka sannan ya hau shi kaɗai. Ka bar fetur kaɗan a tanki. Ku haɗu da rana a garejin bakaniken da ka sani, ba a gidanka ba, ba kuma inda shi ya zaɓa ba. Takardun asali su zauna a aljihun wani, ba a ƙarƙashin kujera ba.

Hajiya_Roba_Roba:
Kuɗi kuma, saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasit ɗin tura kuɗi ma ba shaida ba ne, duk ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga ma'aunin asusunka ya ƙaru. "Netwok ne, zai shigo" ba ta fitar da babur. Sannan ka duba sunan wanda ya turo. Akwai damfarar da ake yi da mutum uku: ɗan damfara ya tallata wa wani kayan da ba shi da su, ya ba shi lambar asusunka. Wancan ya turo kuɗi, kai ka ga sun shigo ka miƙa babur. Wancan bai ga kayansa ba ya kai ƙara, a rufe asusunka, kai ne za ka yi bayani. In sunan mai turowa ya bambanta da na katin shaidar wanda ke gabanka, a tsaya sai mai asusun ya zo ko ya shiga takarda. In tsabar kuɗi ne, ku je banki ko wurin mai POS a ƙirga a zuba a asusunka kafin a sa hannu.

In a Facebook ko Jiji za ka sa talla, ka rufe lamba a hoto, kar ka tura wa kowa hoton rasit, kuma duk wanda ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa.

Alhaji_Dillali:
Duk wannan wahalar da kuka lissafa, ita ce aikin da dillali ke ɗauke wa mutum, shi ya sa yake cin la'ada. Dillalin kirki ya san mai saye, ya san gidansa, in rigima ta taso shi ake nema. Ba na hana Sadauki sayarwa da kansa, amma ya san farashi tukuna. Ya tambayi kuɗin sabo a kwali yau, ba kuɗin da ya saya ba, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma naira ta faɗi, na hannu ma ya bi sabo ya hau. Ya kai shi kasuwar babura ya ji tayin mutum uku, ya ce albarka ya dawo. Tayin 'yan kasuwa shi ne ƙasa, don su riba za su ɗora. Tsakanin wannan da kuɗin da suke sayar da irinsa, nan kuɗinsa yake.

Kwamared_Gyaɗi:
Alhaji, matsalar ba la'ada ba ce, ƙari ne. A ce wa mai kaya an sayar kaza, a ce wa mai saye kaza, a ci na tsakiya sannan a karɓi la'ada ta ɓangare biyu.

Alhaji_Dillali:
Maganinsa mai sauƙi ne, a yanke la'ada tun farko, kuma mai kaya da mai saye su zauna wuri guda ranar biya. Dillalin da ya ƙi haɗa ku, ka karɓi makullinka.

Abu_Hafsat:
Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba: biya kashi-kashi. In ɗan uwa ne ko maƙwabci ya ce zai ba da rabi, saura ƙarshen wata, to ya zama bashi, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu. Ka riƙe rasit na asali har ya cika. Kafin alƙalami ma a faɗi hukuncinsa a rubuce: kwana nawa za ka jira, kuma in ya fasa za a maida masa ko a'a.

Sadauki_BM100:
Oga, na gwada sarƙar yadda Injiniya ya ce, tana ɗagowa har kusan rabin haƙori, amma haƙoran ba su karkace sosai ba. In sa saiti sabo ko in faɗa wa mai saye?

Oga_Bakanike:
Ni zan ce sa, don ƙarar tsohuwar sarƙa a cikin murfi takan sa mai saye ya zaci giya ce ke kuka, ya rage maka kuɗin giya.

Mai_Ciniki_Wapa:
Ni kuma na ce ka tambayi kuɗin saitin tukuna. In mai kyau za ka saya, ba lallai ya dawo maka ba. In mai araha za ka sa don ido, gara ka bar tsohuwar ka nuna masa.

Injiniya_Tsafe:
Kafin ka yanke, buɗe ƙaramin murfin da ke gefen giya ka dubi farantin gaba. Shi ya fi saurin cinyewa saboda ƙarami ne, yana juyawa kusan sau uku kafin na baya ya juya sau ɗaya. Ɗauko hotonsa ka sa mana a nan.